Kayen da Ban Gani Ba

Ba zan taɓa mantawa da wani biki da muka je Birnin Kudu ni da matata Dije ba, Allah ya ji ƙanta. Bana ta rasu. Abubuwa da yawa nake tunawa, amma wannan ne yake sa ni dariya ni kaɗai a shago.

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a hannun mutane, ni tela ne a Gwaram. Nakan je Kano sayen yadi, in na je kuwa sai na shiga silima. Abokaina finafinan Indiya suke so, da na kaboyi. Ni kuwa tsofaffin finafinan ban tsoro, marasa kala, irin waɗanda inuwar mutum take riga shi shiga ɗaki. Ina son yadda ba sa gaggawa. Ƙofa za ta buɗe a hankali, kiɗa ya ɗauke, wuri ya yi tsit har mai gyaɗa ya manta da talla. Har yau ban ga gwanintar da ta kai wannan ba.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da zarar kiɗa ya ɗauke, nakan ja hulata har kan hanci, in toshe kunne, sai na ji mutane sun fara motsi. (A cikin duhu kowa jarumi ne.)

Matan aure ba sa zuwa silima, saboda haka ni ne silimar Dije. In na dawo sai ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura, ta ce, "Malam, a ina aka tsaya?" Nakan ba ta abin da na gani. Inda na rufe ido kuma, sai in cike da nawa.

Wanda ta fi so shi ne na wani likita Bature da ya tare a tsohon gida da matarsa, kullum wani abu yana ƙwanƙwasa daga ɗakin ƙasa. A ƙarshe ya ɗauki fitila ya nufi matakala. Ni dai ban taɓa wuce bakin matakalar nan ba. Amma na gaya mata ya tarar da dodo, suka sa zare, ya yi sama da shi ya nana shi da ƙasa, kayen da ko a kokawar kaka ba a taɓa yi ba. Na maimaita labarin har ni ma na yarda da shi. Ita kuma ta baza wa matan unguwa, tana cewa mijinta ko ƙiftawa ba ya yi.

To, kawunta ɗan kwangila ne, kuɗi sun zauna masa. Da ya tashi aurar da ɗansa sai ya ɗauko mai majigi daga Kano, har da janareta. Bayan magariba aka kafa farin zanin gado a bangon tsakar gida, maza gefe, mata gefe. Hoton farko na fitowa na gane gidan. Na likitan nan ne.

Daga cikin mata na jiyo muryar Dije: "Kada ku ji tsoro, na san wannan. Ku dai jira ku ga kaye."

Na ce a raina yau kam sai na gani da idona. Likita ya ɗauki fitila. Kiɗa ya ɗauke. Hannuna bai yi shawara da ni ba.

Ban san tsawon zaman da na yi a cikin hular nan ba. Da na ji alamar motsi sai na ɗaga ta, na gyara murya, na ce da ƙarfi, "Kun ga kaye ko?"

Ashe tuni an gama, an kunna fitilar gas, kuma duk gidan ni ake kallo. Kakar Dije, Inna Yalwa, wadda dama abokiyar wasana ce, ta miƙe da sandarta.

"Wane kaye, mijin ƙwarai? Likitan naka tun ɗazu dodo ya ja shi rami, takalminsa kawai aka bari. Ko a cikin hular ake nuna maka wani daban?"

Aka kwashe da dariya, har ango. Mai majigi ma sai da ya zauna a kan akwatinsa. Ni dariyar ba ta dame ni sosai ba. Dije nake ji. Ta cika baki a kaina gaban danginta, na bar ta da kunya.

Washegari muka hau mota muka koma Gwaram. Na shiga shago na yi ta taka keke, ba na ma ɗinka komai. Da yamma na shiga gida, sai na tarar da tabarma a shimfiɗe, ga fura.

"Malam, a ina aka tsaya?"

Na ce, "Dije, ai kin ga komai."

Ta ce, "Na gani. Nasu bai yi ba. Mutum ya bar matarsa a sama, ya sauka rami a cinye shi, wannan ma labari ne? Ba ni naka. Amma ka rataye hular tukuna."

Haka muka ci gaba har muka tsufa. Ko a jinyarta ta ƙarshe ta yi mini tambayar nan, na kuma ba ta. Jinyar nan ce kaɗai abin tsoron da na kalla ido buɗe har ƙarshensa.

Yanzu jikokinmu ne suke zama a kan tabarmar, kuma har gobe likita ne yake yin kaye. Abin da na koya kaɗan ne. In za ka ƙara wa fim gishiri, ka tabbata ba zai biyo ka garinku ba. In kuwa ya biyo ka, to Allah ya sa ka auri wadda ta fi son naka.