Allon Santsi na Bakin Famfo

Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban na bara, aka fara cin mutuncin Malam Lawandi, tsohon hedimasta na ƙauyen Kukar Maje. Ran nan ne duba-gari Iliya ya rasa wanda zai ba aikin zana allunan gargaɗi sai Jatau. Shi Jatau ƙato ne har da gemu, yana zaune da gwaggonsa Lanti mai daddawa, yana yi wa manyan motoci zane. Hannunsa gwani ne. Kan ne dai, abin da aka zuba masa shi yake ɗauka.

Wata rana Iliya ya ce masa, "Kowane launi da ƙa'idarsa. Ja na hani, kore na tsira, rawaya ta gargaɗi. Rawayar ta zama ta gwaiduwar ƙwai sak." Jatau ya kwashe ƙwan zabin gwaggo ya fasa, ya shafe allo. Kafin la'asar ƙudaje sun rufe allon da ke kiran mutane su yi tsafta. Lanti ta biyo shi da muciya: "Ɗan nan, ƙwan da zan sa wa kaza ka ba ƙuda?"

Wata rana aka ce ya kafa allo daidai idon mutum, inda ba mai wucewa bai gani ba. Ya kafa shi a tsakiyar ƙofar ɗakin shan magani. Mai ciwon ciki ya shiga, ya fito da ƙulu a goshi.

"Jatau, wane irin aiki ne wannan?" in ji Iliya.

"Ranka ya daɗe, akwai wanda ya wuce bai gani ba?"

Wata rana aka zo kan allon santsi na bakin famfo. Iliya ya ce, "Kada ka ƙago da kanka. Nemo mutum yana zamewa ka kwafa." Shi hoton da hukumar lafiya ta tsara yake nufi. Jatau kuwa ya ɗauki fensir ya tare a bakin famfo yana jira. Sai ga Malam Lawandi da butarsa, cikin farar riga. Santsi ya kwashe shi, tim!

"Jatau, kama ni!"

"Malam, daure kada ka motsa. Saura ƙafar hagu."

Washegari ga Malam a jikin allo, da tumbinsa, da karkatacciyar hularsa, da tabarau, da baki buɗe. Mutanen da ya koya wa karatu da hannunsa suka riƙa tsayawa suna gaishe da allon: "Malam, ya jiki?"

Wata rana Malam ya kasa jurewa, ya iske Jatau a zaure. "Ka shafe ni da baƙin fenti, tun daga hula har takalmi!" Jatau ya shafe shi a hankali, bai fita layi ko kaɗan ba, yadda Malam ya koya masa tun yana aji ɗaya. Da jami'ar lafiya ta zo daga ƙaramar hukuma, sai ta tsaya tana jinjina kai. Ta ce, "Wannan ita ce ƙa'ida. Baƙin mutum, ba fuska, a cikin rawaya mai kusurwa uku." Ta sa a kwafa a kowane famfo na gundumar. Tun daga lokacin ko akuya ba ta ƙara zamewa a wurin ba, don kowa sai ya rage tafiya ya kalla.

To amma tumbin na nan, karkatacciyar hular na nan, buta na sama. Har a ƙauyukan da Malam bai taɓa takawa ba an san mai su.

Malam Lawandi bai ce a cire allon ba, ya ga amfaninsa. Abin da yake nema, kuma ba zai janye ba, shi ne Iliya da Jatau su tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a bayan an idar da salla, su ba shi haƙuri a gaban jama'a. Da baki, ba a jikin allo ba.