Harsashi Mai Tsini da Kujerar da Na Rasa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Asabar a Wukair, wata unguwa a gefen Doha, ba, kuma Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekarata ta uku ke nan a Doha, ina gadi a bakin get ɗin wani rukunin gidaje da Turawa suka fi yawa, kuma na gaji, irin gajiyar da ko ka yi barci ka farka tana nan zaune tana jiran ka. Motar kamfani ta kwashe mu daga masaukinmu a unguwar Mansura da sassafe, awa sha biyu a tsaye, ta dawo da mu bayan magariba, mu shida a ɗaki ɗaya. In wanke rigar aiki, in shanya a ƙarfen gado, gobe a sake. Akwai ɗan akurkin masu gadi a get ɗin mai na'urar sanyi, amma dokar ita ce duk motar da ta zo sai ka fito ka duba ta, motocin kuwa ba sa yankewa.

Abin da nake so a duniya a lokacin bai wuce kujera ɗaya ba. A tsakiyar rukunin akwai zauren shaƙatawa mai wurin ninƙaya, a ƙofarsa daga ciki akwai tebur da kujera mai juyawa, sanyi na busowa ta sama. Mutumin Siri Lanka da ke zaune a kanta kwantiraginsa ya ƙare, zai koma gida. Sufabaiza ya ce cikin mu huɗu na get za a ɗauki ɗaya, kuma zai ji ra'ayin shugaban kwamitin mazauna kafin ya yanke. (Na taɓa shiga zauren kai saƙo, na tsaya kusa da kujerar ina yi kamar ina neman biro a aljihu, don dai in ƙara minti biyu a cikin sanyin.)

Shugaban kwamitin shi ne Mista Wolta, wani Ba'amurke injiniyan gas, ya haura hamsin, mai tumbi da saurin dariya. Mutumin nan ba shi da zance sai farauta. Bindigarsa tana can gida Amurka, don a Katar wa zai bar ka da ita, amma duk shekara yakan daidaita hutunsa da lokacin farautar barewar ƙasarsu. Wata rana na ga mujalla mai hoton barewa a kujerar motarsa, na ce masa da Turancina, “Mahaifina maharbi ne.” Wannan gaskiya ce. Ya taka birki, fuskarsa ta cika da murna, ya ce, “Kai ma kana harbi?” Na tuna kujera. Na ce, “Tun ina ƙarami.”

To, bari in faɗa muku yadda abin yake. Babana maharbi ne na gaske, a wani ƙauye bayan Ningi, da bindigarsa adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sandar ƙarfe. Ni kuwa ban taɓa harba ko da ta wasa ba. Tsoron ƙararta nake yi. Makaranta ya sa ni tun da wuri, abin da na sani game da bindiga duk daga nesa na hango shi, yatsuna biyu a kunne.

Amma bakina bai san da wannan ba. Kullum in Mista Wolta ya tsaya a get sai na ba shi sabon labari. Gwankin da Baba ya kashe shekarar da aka haife ni ya dawo nawa. Gadar da ya bi kwana biyu, ni na bi ta. Shi kuma ya riƙa koya mini tasu hanyar, don ba ya sayen harsashi haɗaɗɗe, da hannunsa yake haɗawa. Ya tattara kwanson da ya harba, ya wanke, ya sa sabon ɗan maɓallin wuta a gindinsa, ya auna albarushi a wani ƙanƙanen sikeli, sannan ya danna kan harsashin da ya zaɓa. Ya ce in albarushin ya ɗara da ɗan kaɗan, bindiga na iya tarwatsewa a hannunka. Na yi dariya irin ta manya, na ce mu da yatsa muke aunawa: ka zura sanda, ka ga yatsa nawa ta rage a waje. Ya riƙe baki yana mamaki, ni kuma ina jin kujerar nan tana matsowa.

Ranar Asabar ɗin, wajen ƙarfe huɗu da rabi, rana ba ta ko fara sassauci ba, ya faka motarsa a gefe ya fito da wani ƙaton littafin talla na kayan farauta. Na'urar akurkinmu ta lalace, Ishaya na ciki yana gyara. Ishaya mutumin Kafanchan ne, makanikin na'urorin sanyi na rukunin, mutum mai kirki, sai dai Allah bai ba shi iya rufa wa mutum asiri ba.

Mista Wolta ya shimfiɗa littafin a kan bonet, ya ce yana so ya yi odar kawunan harsashi su isa gidansa kafin hutu, bana da ɗansa za su zauna su haɗa. Ya sake yi mini bayanin bindigar, gadon ubansa ce. Tana da wani ƙarfe a ƙasa da ake turawa gaba a dawo da shi, ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. Harsasan kuwa a cikin wani dogon bututu suke ƙarƙashin bakin bindigar, a jere, kan wannan a gindin wancan. (Ya faɗi wannan, na ji shi da kunnena. Amma hankalina na kan gumin da ke gangara mini a baya.) Ya nuna mini guda biyu a littafin, duka masu dakusasshen kai, ɗaya mai nauyi ɗaya mara nauyi. Ya ce, “Dajinmu mai duhu ne, harbin kusa ake yi. A matsayinka na maharbi, wanne za ka ɗauka?”

Da na nuna kowanne cikin biyun, da an wuce wurin lafiya. Amma na ga ai maharbin gaske ba ya zaɓa cikin abin da aka miƙo masa. Na juya shafi da kaina, na ga wani siriri mai tsini, kyakkyawa, na ɗora yatsa a kai.

Na ce, “Wannan. Waɗancan ai ba su da baki. Mai tsini shi ke shiga.”

Ya dube ni, ya dubi hoton. “A bindiga mai bututu?”

“Ƙwarai.”

“Ka tabbata? Mu dai an hana mu.”

Nan ma ƙofa a buɗe take, in ce au, ban lura ba. Sai na ji bakina yana cewa, “Babana shekara arba'in da shi yake amfani. Akwai dabarar da muke yi.”

Mutumin nan bai ɗauke ni maƙaryaci ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai har yau. Gani ya yi akwai wani ilimi a Afirka da bai kai Amurka ba. Idonsa ya yi haske, ya ce, “Don Allah kira shi! Ina so in ji daga bakinsa.” Na ce ƙauye ne, ba sabis. Ishaya ya leƙo daga akurki, sukundireba a hannu, ya ce da Turanci, “Ai jiya na ji kana magana da shi. Yalla, maza kira Baba mu gaisa, ni zan yi tafinta.”

Na kira, ina addu'a a zuci wayar ta kasance a kashe. Bugu biyu Baba ya ɗauka. A can an idar da azahar ba da jimawa ba, yana zaune a gindin darbejiyar masallaci da abokansa, kuma saboda kunnensa ya yi nauyi da ƙarar bindiga, kullum a lasifika yake sa waya. Wato ni lasifika, shi lasifika.

Aka gaisa, Bature ya ce “sannu” aka yi dariya. Ishaya ya karɓi wayar, ya durƙusa kaɗan kamar Baba na ganin sa, ya ce, “Baba, ina wuni, sunana Ishaya, abokin aikin ɗanka. Wannan Bature yana da bindiga, amma ba irin naku ba.” Ya zayyana masa komai tiryan-tiryan, bututun, jerin harsasan, da ɗan maɓallin wutan da ke gindin kowanne.

Baba bai taɓa ganin irin bindigar nan ba ko a hoto. Ya ce, “Tsaya. Ka ce wutar kowanne a gindinsa take?”

“E, Baba.”

“Kuma na baya hancinsa na kan gindin na gaba?”

“Haka ne.”

“To ai mai tsini ba zai yi ba. In ta yi harbi ta zabura baya, tsinin nan zai soki wutar na gabansa, su tashi gaba ɗaya a hannun mutum. Dakusasshe za a sa. In harbin kusa ne cikin duhuwa, a sa mai nauyin. Wane mara hankali ne ya ce a sa mai tsini?”

Na yi wa Ishaya ido. Na taka masa ƙafa. Ya ce, “Ɗanka ne, Baba. Ya ce kai ka koya masa.”

Abin da ya fara fitowa daga wayar dariyar tsofaffi ce, mutum biyar ko shida, har da mai tari. Sannan Baba ya ce, “Wannan? Wannan da in na ɗauko bindiga zan goge ta kawai yake shigewa ƙarƙashin rumbu? Ranar da aka yi harbin bikin kamun kifi sai da uwarsa ta canja masa wando. Ku tambaye shi ko ya san ta ina ake ɗura ta.”

Ishaya ya juya ga Bature ya fassara. Duka. Bai san rumbu da Turanci ba, sai ya zana shi da hannu a iska, ya tsuguna ya nuna yadda ake shiga ƙarƙashi. Wandon ma bai bari ba. Ina tsaye cikin hular gadi da rediyo a kafaɗa, ɗan shekara talatin da huɗu, ina ji ana yi mini dariya a Wukair ana yi mini a Ningi lokaci ɗaya. Wata mota ta zo get, na ruga na duba ta kamar an ce bam ne a ciki, har ƙarƙashinta na leƙa, don dai kada in dawo da wuri.

Mista Wolta bai yi fushi ba. Dariya ya yi har ya share hawaye, sannan ya shafe kusan rabin awa suna hira da Baba ta bakin Ishaya, kan dalma da iska da yadda ake bin jinin dabba. Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, “Mahaifinka babban mutum ne.” Game da ni bai ce komai ba.

Bayan mako guda aka liƙa sabon jadawali. Kujera ta tafi ga wani ɗan Nepal da ko gaisuwa da kai yake yin ta. Na tari sufabaiza na tambaye shi dalili, ya ce, “Shugaba ya ce kana da kirki, mutane na son ka a get. Amma teburin can iyaye ke zuwa tambaya kan yara da ruwa da maganin da ake zubawa a ciki. Ya ce yana son wanda in bai sani ba zai ce bai sani ba. Khalas, magana ta ƙare.” Na juya na koma get.

A ranar da azahar, ina tsaye a get, Baba ya kira ni da kansa, abin da bai saba yi ba. Babu hayaniyar abokai, da alama ya keɓe. Ya ce, “Na ji kamar na ba ka kunya gaban mutane.” Na ce ba komai, ni na ja. Ya ce, “Ni fa ban taɓa jin haushin tsoronka ba. Daɗi ma na ji. Wannan sana'a ta cinye mini kunne, ta cinye mini gwiwa. Na kai ka makaranta ne don ka ci abincinka a inuwa. Sai ka tafi har ƙasar Larabawa kana iƙirarin abin da na raba ka da shi.” Sannan ya ce, “Kana dai inuwa ko?”

Shekara uku ina amsa masa irin wannan tambayar da “e”. Na dubi kwalta tana ƙyalli, takalmina har ya yi laushi don zafi.

Na ce, “A'a Baba. A rana nake.”

Ya ce, “To ka riƙa shan ruwa.”

Na ƙara shekara biyu a wannan get ɗin. A cikinsu na koyi cewa “ban sani ba” da Hausa da Turanci da Larabci, har da ɗan Indiyanci, kuma ina faɗar ta da sauri, wani lokaci tun mai tambaya bai rufe baki ba. Kalma uku ce kacal, ba ta da wuyar faɗa. Da na iya ta mako guda kafin wannan Asabar ɗin, da a zaune na koyi sauran darussan rayuwa.