Rasuwar Mai Gauraka, Shamakin Gidan Kitagawa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Uwargida Chizuru ta gidan Kitagawa, a unguwar marina ta Kyoto, tana sanar da rasuwar Mai Gauraka, shamakin zinariyar nan mai naɗewa, mai fallaye shida da zanen gauraki tara. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata yana da shekara ɗari da arba'in. Ita tana da tamanin da ɗaya, kuma har cikin ranta ta ɗauka ita za ta riga shi.

Marigayin ba mai surutu ba ne. In an buɗe shi yakan ce ƙiii a gaɓa ta uku, in an naɗe shi ya ce fuf, kamar tsoho ya samu wurin zama. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, takarda ce ta riƙe gaɓoɓinsa. Fitila guda za a ba shi ya raba wa ɗaki duka haske. Duk watan Yuli, lokacin babban bikin gari da ake kira Gion, akan tsayar da shi a ɗakin gaba a buɗe tagogi, masu wucewa su yi ta leƙe, shi kuwa ko a jikinsa.

Amma babban aikinsa na ranar mutuwa ne. Duk wanda ya rasu a gidan, akan kifa Mai Gauraka, ƙafa sama kai ƙasa, a tsayar da shi a saitin kan mamacin. Ya yi wa surukar Chizuru, ya yi wa mijinta Eisaku shekara uku da suka wuce. Ranar ta kalli gaurakin nan tara ƙafafu a sama, hankalinta ya kwanta, don ta san wanda zai tsaya mata.

Ciwon ajalinsa rashin shan iska ne. Kowane Oktoba ana fito da shi daga rumbu ya sha iska, kuma mutum biyu ke ɗaukarsa. Shekara hamsin da takwas Chizuru da Eisaku suke yi, yana cewa, "Ɗaga naki gefen mana!" tana cewa, "Naka ne ke jan ƙasa, tsoho." Da Eisaku ya rasu, ta kasa ganin hannun wani a wancan gefen. 'Yarta Sayoko ta yi ta bugo waya daga Osaka.

"Mama, in zo mu fito da shi?"

"Ke da ko kofin shayi sai kin ɓarar? Bari dai sai baɗi."

Baɗi ta zama uku. Laima ta shige shi, ƙwari suka bi mannin suka cinye. Da aka buɗe shi bana, bai ce ƙiii ba, zinariya ce kawai ta zubo kamar dusa. Tsoho Shimazaki mai gyara ya ƙwanƙwasa katakon ciki da yatsa ya ce, "Uwargida, fata ina iya gyarawa. Wannan har ƙashi suka ci." Ta duba ko'ina ba ta ga wanda za ta ɗora wa laifi ba, kuma abin yana ci mata rai ƙwarai.

Mai Gauraka ya rasu ya bar akwatinsa, da gauraki biyu da ƙwari suka raina, da sawun ƙafarsa a tabarmar ɗakin gaba. Ya kuma bar tsohuwa guda wadda ba ta san me za a kafa mata ba. Sayoko ta ce masu jana'iza suna ba da aron shamaki. Uwar ta ce ba za ta kwanta a gaban baƙo ba.

Za a ƙone gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a harabar ɗakin ibada na unguwa. Kada a kawo furanni, bai taɓa son ɗanshi ba. Kafin a fita da shi, za a kifa shi a ɗakin gaba, Chizuru ta kwanta a gindinsa na minti biyar, ta karɓi rabonta tun da ranta. Sayoko ta ce wannan neman mugun abu ne, ta yi kuka, daga baya ta yarda za ta kama ɗaya gefen. Ana roƙon maƙwabta, in sun leƙo ta taga, kada su fara gaisuwar mutuwa sai ta tashi.