Ƙwayoyin da Suka Ƙi Sauka

Duk Kusfa babu mai kishin jama'a kamar Alhaji Abdulwahab, wanda muke kira Ba-Sauka. Tsabar ƙaunarmu ce ta sa ya riƙe shugabancin ƙungiyar unguwa tun muna goye, kuma duk sanda zaɓe ya matso sai ya ɗage shi don kada mu wahala. Makullin motar ƙungiya ma a aljihunsa yake kwana, gudun tsatsa.

Sai yayarsa Hajiya Sailuba ta kamu da sankarar jini, irin mai cin mutum a hankali. Likitoci suka ce akwai sabon magani da ake gwadawa, an kuma ba ta gurbi, amma in ba ta isa asibiti ranar Talata kafin azahar ba, wani za a ba.

Ranar Talata tun da hantsi Sailuba ta shirya, ta zauna a zaure da 'yarta Raihana. Ba-Sauka ya ce mota ba za ta motsa ba sai ya wayar wa jama'a kai, tunda shi ya raka su wurin likita, har ya ɗan gyara masa bayani. Aka jera kujeru a lungu. Ya hau benci, ya baza malum-malum.

"Jama'a, ku saurari ilimi. A cikin jini akwai wasu ƙwayoyi da wa'adinsu ya cika, amma suka ƙi tafiya. Ba sa aikin komai sai ci da tare wuri, sun hana sababbi sakat. Shi wannan magani zuwa yake ya ce wa kowace, lokacinki ya yi, tafi."

Lungu ya yi tsit, kowa na kallonsa. Ya ɗauka ilimi ne ya ratsa mu, sai ya ƙara murya, ya ce shi bai taɓa jin rashin kunya irin ta waɗannan ƙwayoyi ba.

Rana na ta ɗagawa, hankalinmu ya tashi ƙwarai. Sailuba ta dogara sanda ta zo, ta zura hannu a aljihunsa kamar yadda take yi masa yana yaro, ta zaro makulli ta miƙa wa Raihana. Sun isa kafin azahar, aka kuma karɓe ta.

Da suka dawo ya tare ta, yana son jin ko likita ya tambaye shi.

"Ni dai na yi masa zancenka, Audu," in ji ta. "Na ce ko akwai irin maganin da ake shafa wa kujera. Ya ce har yanzu ana bincike."