Ranar da Na Ƙi Muciya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka miƙo mini muciya na ƙi karɓa ba. Ko na so in manta, matan Sabon Gari ba za su bari ba.

A lokacin Maigida yana aikin reluwe a Minna, shi ke zuba wa jirgi gawayi, muna zaune a gidan haya a unguwar Sabon Gari. Unguwar nan kowa akwai: Nufawa, Gwarawa, Yarabawa, Ibo, da mu Hausawa. Da yake kowa ya baro danginsa a nesa, sai muka haɗa ƙungiyar mata. An haihu, mu je mu dafa. An rasu, mu je mu dafa. Gobara ta ci ɗakin wata, mu haɗa mata tabarma da kwanuka. Uwar ƙungiya ita ke ajiye babbar tukunya da wata doguwar muciya, ita ke cewa wance ɗebo ruwa, wance kawo itace. Ƙa'idarmu kuwa ita ce muciyar zagayawa take yi, ba ta zama hannun ƙabila ɗaya sau biyu a jere. Bayarbiya ta riƙe, Banufiya ta riƙe, mu dai ba ta taɓa zuwa kanmu ba.

To sai tsufa ya kama Nna Kulu, Banufiyar da ke riƙe da ita, ɗanta ya ce zai mayar da ita gida. Matan Hausawa suka taru a tsakar gidana suka ce bana tamu ce, kuma ni za su tsayar. Dalilinsu wai kullum ina gida, duk wanda ya zo nema zai same ni, kuma babu abin da ke faruwa a unguwa da kunnena bai ji ba (wannan ban san ko yabo ba ne, amma na karɓa a yabo). Sauran ƙabilun ma duk sun yarda. Magana ta ƙare tun kafin a zauna.

Na ce wa Maigida ni fa ba na so, wahala ce kawai. Ya dubi lallen da ke ƙafata, ya dubi sabon zanen da na shanya, ya dubi masakin alkaki da dubulan da na rufe da faifai, ya ce, "Haka ne, ga alama nan."

Abin da bai sani ba, har zabiya na ɗauko da masu kiɗan ƙwaryarta. Na ce su laɓe a zauren Nna Kulu, da sun ji guɗa su shigo.

Ranar taro tsakar gidan Nna Kulu ta cika. Nna Kulu ta yi addu'a, ta yi nasiha, ta ɗauko muciya ta nufo ni.

To ku da kuka san gidan da na fito, ku gaya mini: 'yar mutunci ana miƙo mata girma sai ta yi wuf ta cafke? Uwata ta koya mini ko tuwo aka ba ki a gidan mutane ki ce kin ƙoshi. A sake miƙowa ki sake ƙi. Sai a na uku, an haɗa da "don Allah", sannan ki karɓa kamar an tilasta miki. Saboda haka na sunkuyar da kai na ce, "A'a Nna, ni wace ce? Ga manya a zaune."

Nna Kulu ta san hali, ta yi murmushi ta sake miƙowa. "Karɓi, 'yata."

Nan ne Shaiɗan ya shiga bakina. Maimakon in yi ƙin da aka saba, sai na ga ya kamata in ƙawata shi. Na ce, "Nna, ba zan iya ba. Ƙafar nan tawa ta dama kwana take tana zogi, ko rijiya da ƙyar nake zuwa. Ku dai duba wata."

Nna Kulu ta ɗaga muciya za ta miƙo na uku, har na goge tafina a zane. Sai Maman Ngozi, wata 'yar Ibo mai sayar da manja, mace mai tausayi (Allah ya raba mu da irin wannan tausayi), ta miƙe tsaye.

"Nna, tsaya. Wannan ba kyau. Mace ya ce ƙafa yana ciwo, ku kuna dole. In ya faɗi a hanya, wa zai ɗauka?"

Yarabawa suka ce gaskiya ne. Gwarawa suka ce ai ba su sani ba, sannu. Na juya wajen 'yan uwana Hausawa ina zare musu ido su yi magana, su kuwa kunyar da ta kashe ni ita ta ɗaure su. Wa za ta tashi a gaban jama'a ta ce ƙarya take yi, so take kamar ta mutu? Sai ƙasa suke kallo, ɗaya tana mintsinina a cinya.

Na buɗe baki na ce, "Ai ciwon ba wani..."

"Yi shiru, Mama, kar ka ji kunya," in ji Maman Ngozi, tana dafa kafaɗata. "Mun gane."

Tun da mun bari, layi ya wuce kan Gwarawa. Nna Kulu ta dubi Ladi, wata Bagwariya daga unguwar Ƙetaren Gwari mai kawo mana doya, ta ce, "Za ki iya?"

Ladi ta ce, "Zan iya." Ta sa hannu biyu ta karɓa. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Aka rangaɗa guɗa.

Ni na manta da mutanen zaure, su ba su manta da ni ba. Sai ga zabiya ta faɗo da masu ƙwarya a bayanta, ta wuce Ladi da muciyarta, ta zo ta durƙusa a gabana tana waƙa: matar mai jirgi ta hau, uwar Sabon Gari, wadda aka roƙa ta karɓa. Har da sunan kakata, wanda ni na faɗa mata da bakina. Ina yi mata alama ta bari, ita ta ɗauka ƙari nake nema.

Nna Kulu ce ta fara dariya, har tana riƙe bango. Maman Ngozi kuwa ta dube ni da mamaki ta ce, "To in kana so, don me ka ce ba ka so?"



Haka na tashi na tafi gida ina ɗingishi, don ba yadda zan yi, kuma sai da na kai bakin titi na lura da ƙafar hagu nake yi. Matan Hausawa suka daɗe ba sa amsa gaisuwata da kyau, don sai muciyar ta gama zagaya kowa kafin ta dawo kanmu. Abin haushin ma, Ladi ta riƙe ƙungiyar da kyau, ban sami ko abin gulma ba. Duk sanda aka yi sabga sai ta ce, "Mama ki zauna a inuwa, ki tsince shinkafa, saboda ƙafa."

Tun daga ranar na gane alkunya sai inda aka san ta. In kina cikin taron da kowa da gidan da ya fito, aka miƙo miki abin da kike so, ki karɓa tukuna. Kunyar kya ji ta a gida.