Hannun Hadiza Bai Kai Kunne Ba

Ba zan taɓa mantawa da kunnen Hadiza na hagu ba, don shi ya kunyata ni.

Shekarar da aka buɗe firamare kyauta ga kowa na fito daga kwalejin horon malamai, aka tura ni wata makaranta a Unguwar Dosa. Ni aka ba ɗaukar 'yan aji ɗaya. Yawancin yara ba su da takardar haihuwa, saboda haka awonmu ɗaya ne: yaro ya ɗora hannun dama ta bisa kansa ya taɓo kunnen hagu. In ya kai, ya isa karatu. In bai kai ba, sai baɗi. (Yadda nake hura hanci a bakin teburin nan, ka ce ni na ƙirƙiro ilimi.)

Malam Sule, masinja a wata ma'aikata, ya kawo 'yarsa Hadiza, 'yar firit da ita. Ta miƙa hannu, ta karkace wuya, saura kamar yatsa biyu.

"Malam, wallahi shekarunta bakwai," in ji shi. "Ƙaramin jiki ne, na uwarta ta ɗauko."

Na ce, "Baba, ba a rantsuwa a nan. Ƙwaƙwalwarta ba ta nuna ba tukuna." Haka na faɗa, a gaban iyaye, ga dattijon da ya isa ya haife ni.

Bai yi fushi ba. Kwana uku yana zarya wurin hedimasta, har aka yarda ta riƙa zama a ƙarshen benci tana saurare, ba suna a rajista. Ko alli ban taɓa miƙa mata ba.

Zango na uku sufeton makarantu ya zo. Ya rubuta a allo: "Audu ya tafi kasuwa." Na nuna zaratan da na zaɓa da kaina, dogaye masu dogayen hannuwa. Na farko ya tsaya a "A". Na biyu ya fashe da kuka.

Sai wata siririyar murya daga baya ta karanta jimlar tsaf. Sufeto ya goge ya rubuta wata, ta sake karantawa. Ya buɗe rajista don ya yi wa sunanta alama, ya bi layi-layi bai gani ba.

"'Yata, me ya sa babu sunanki?"

"Malam ya ce hannuna bai kai kunne ba."

Ba ƙarata ta kai ba, amsa kawai ta bayar. Sufeto ya dube ni ya ce, "Malam, kai naka ya kai?" Don tsabar ruɗewa (Allah shaida) sai na ɗaga hannu na taɓa kunnena, a gaban yara.

Ranar na rubuta sunanta. Da yamma na je gidan Malam Sule na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, har ya sa aka kawo mini ruwa.

Kunyar sufeto ta daɗe da sakina. Abin da bai sake ni ba shi ne sauran da na kora ranar ɗaukar, waɗanda iyayensu ba su yi zarya ba. Da shekara ta zagayo na duba layin masu shiga, da yawansu ban gan su ba.

Tun daga nan na gane hannu tsawon kansa kawai yake aunawa. Nawa ya kai kunne sarai, ga kuma abin da na aikata.