Koren Shayin Asama'u

"Lafiya lau, amarya. Ya gajiyar zaman banza?"

"Ai kai za a tambaya, ango. Ya ƙafar?"

"Tana nan, tana gaishe ki."

Malam Abdulmumini na zaune a zaure a kan buzu, ƙafar dama a miƙe, an naɗe ta da bandeji. Damina ta sauka, duk mazan ƙauyen nan na gefen Kunci sun tafi noman fari, shi kuwa ciwon suga ya zaunar da shi. An riga an cire masa ɗan yatsan ƙafa ɗaya a Kano, likita kuma ya ce in bai rabu da sukari ba, ƙafar ce za ta bi. To, wa zai gaya wa Malam ya bari? 'Ya'yansa in sun zo gabansa sai durƙuso da "Allah ya ƙara sauƙi, Baba," su fice. Shi ne suka turo jikarsa Asama'u, don ita kaɗai ce za ta gasa masa magana ta kwana lafiya. Ni dai ban ga jarumtar ƙattin da suka ɓuya a bayan yarinya ba, amma haka aka yi.

Ta dire masa kofi a gabansa. Ya leƙa ciki, ya ja da baya.

"Wannan ruwan kududdufin fa?"

"Shayinka ne."

"Nawa? Ni shayina ja ne, mai kauri. Wannan kore shar, har da kumfa. Sabulu kika zuba?"

"Koren ganyen shayi ne, a waya na ga yadda ake yi. Ba a barin ruwan ya tafasa sosai, sai ya yi ɗaci. Na jiƙa ganyen na tace, na dafa madarar da aka kawo daga ruga, na burga ta ta yi kumfa, na juye a kai. A birni manyan mutane ke shan sa."

"Shi ya sa kullum fuskarsu a murtuke. Sukarin fa?"

"Ya yi tafiya."

"Zuma?"

"Tare suka tafi."

"To na sake ki."

"Tun ina goye kake sakina, har yau ban ga takarda ba. Wa za ta kwashe ka in ba ni ba? Haƙori huɗu, biyu na rawa."

"Ke ce ba ki san darajata ba. Shekaranjiya wata bazawara ta aiko daga Bagwai."

"Na ji. Cewa ta yi a tambaya ko akuyarka ta sayarwa ce."

Malam ya ɗauki kofin don ya ɓoye dariya, ya kai hanci, sai ya tsaya.

"Tsaya. Da me kika ce kin burga madarar?"

"Da maburgi mana."

"Wanne?"

"Na Inna."

"Na miyar kuka! Wallahi daddawa nake ji. Jama'a, ku zo ku ga matar da na aura, ta haɗa mini shayi da miya a kofi ɗaya. Saura ki kawo tuwo in tsoma."

"Na ɗauraye shi fa!"

"Maburgin da ya girme ki? Ko a tafkin Bagwai kika jiƙa shi, daddawar nan ba ta fita."

"To ka sha hakan. Mai ciwo ba ya zaɓe."

Ya ajiye kofin a hankali. Daga ƙofar zauren ana hango gonarsa, gero ya fito ya kai idon sawu, ciyawa na neman cin ƙarfinsa. Ya daɗe yana kallon gonar, kuma da ya sake magana babu wasa a muryarsa.

"Asama'u, ki daina wahalar da kanki. An hana ni rake, an hana ni fura mai zaƙi, tuwon ma sai an auna mini. Gonar da na noma tun kafin a haifi ubanki, yau daga zaure nake gaishe ta. Abin da ya rage mini a duniya shi ne shayin safe mai sukari, shi ma kin zo karɓa."

"Likita ya ce ƙafar..."

"Na ji abin da ya ce, ba kurma ba ne ni. Abokina Mika'ilu ya bi duk dokarsu, aka yanke tasa bara, bai ga girbi ba. In tafiya ce, gara in tafi bakina da zaƙi."

Yarinyar da duk unguwar ake tsoron bakinta, sai ga ta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, don tun asuba take fama da kofin nan.

"A'a," in ji Malam. "Ba mu yi haka da ke ba."

Ba ta ɗago ba.

"Ubanki ya shigo ya sunkuyar da kai. Baffanki ya shigo ya sunkuyar da kai. Kowa lallaɓa ni yake kamar an riga an sayo likkafani. Ke kaɗai ce kike shigowa ki zage ni, in san har yanzu ina da rai. In ke ma kin koma kuka, to shi ke nan, na mutu. Share fuskarki ki zage ni."

Ta share ido da bayan hannu. Ta ce, "Tsoho mai taurin kan tsiya."

"Ƙara."

"Makwaɗaici. Ƙuda ma ya fi ka haƙuri a kan zaƙi."

"Yauwa. Ƙara."

"Kuma wallahi in ka bari aka yanke ƙafar nan, na fasa auren. Ba zan zauna da mijin da in na tsokane shi ba zai iya bi na da gudu ba."

Malam ya tuntsire da dariya har da tari. Ya ɗauki kofin, ya yi bisimilla, ya rufe ido ya kwankwaɗe, kumfa ta maƙale masa a gashin baki.

"Ya ka ji?"

"Na sha maganin shawara da ya fi wannan daɗi."

Sai ya cire hularsa, ya zaro wani ƙullin leda daga ciki. Mazarƙwaila ce, duk gefenta shaidar haƙori. Ya juya ta a hannu kamar ba zai saki ba, sannan ya miƙa mata.

"Ungo sadakinki. Ɗauke ta daga gabana kafin in sake shawara."

Ta karɓa ta ɗaure a bakin zani, ta ɗauki kofin. Har ta kai ƙofa ya kira ta.

"Amarya."

"Na'am?"

"Gobe ki zo da wuri. Ko shayin bai yiwu ba, ke dai ki zo."